Busasshen Kaya da Kayan Gwari

Masu lodi a tashar Konni sun raba kayan duniya gida biyu: wanda ke iya jira da wanda ba ya iyawa. Simintin Malbaza yana jira muddin ruwa bai taɓa shi ba. Gishiri yana jira, sukari yana jira. Amma cikin abin da ake ɗorawa a wuta, da wuya a sami mai haƙurin taliya. Garin alkama ne aka kwaɓa da ruwa, inji ya matso shi ta ƙananan ƙofofi ya fito zare-zare, aka bi shi da iska mai zafi har ruwan da ya saura a jikinsa bai wuce kashi 12 zuwa 13 cikin ɗari ba. Daga nan sai leda, daga leda sai kwali. Leda ashirin ke cika kwali, kowace rabin kilo, kwalin ya tashi kilo 10. A gefen ledar an buga ranar lalacewa, ranar kuwa tana can gaba da kamar shekara biyu. In ka kare ta daga laima da ɓera, ka sauke nauyinta. Ta kwana a rana, ta kwana a inuwa, duk ɗaya ne a wurinta.

Taliyar leda da ake ci a Konni da Malbaza da Illela ta Adar ba a nan ake yin ta ba. Hanya biyu ta saba biyowa. Ta farko doguwa ce. Turkiyya ce ta biyu a duniya wajen fitar da taliya bayan Italiya, kuma da yawa daga masana'antunta suna wajen Gaziantep. Kafin kullen 2023, daga tashar ruwa ta Mersin ake ɗoro kwantena a jirgi zuwa Kwatano, daga Kwatano mota ta ɗauka ta bi Paraku da Kandi har Malanbil, ta hau gada ta tsallake kogi ta sauka Gaya, ta bi Doso da Dogon Dutsi ta iso Konni. Ta biyu gajera ce a ido, ko da yake ita ma alkamarta ta ƙetaro teku, don kusan duk alkamar da Nijeriya ke niƙawa sayo ta take yi daga waje. Ana sauke ta a Apapa, a niƙa, a murza, a zuba a ledar Golden Penny da ire-irenta, tare da Indomie mai ƙunshi arba'in a kwali. Tirela ta kawo Kano ko Sakkwato, daga Sakkwato kilomita kamar casa'in zuwa Illela ta bakin iyaka, daga Illela zuwa Konni kuwa ko jaki ba ya jin nisa. Ran Lahadi mutanen Konni suna cin kasuwar Illela, ran Laraba mutanen Illela suna cin ta Konni. Daga Konni kwalin yake rarrabuwa: wani ya yi gabas zuwa Malbaza da Galmi, wani ya karya a Tsarnawa ya nufi Badagishiri da Tawa.

Akwai wani dattijo a cikin masu lodin nan da ke koya wa yara yadda ake ɗaure mota. Ana jera kwalaye ne bisa juna har su wuce bakin bodi, a rufa tamfol, a jefa igiya ta sama, mutum biyu su ja ta nan, biyu su tare ta can, har sai an ji kayan sun yi ƙara. Kafin a ja, ana shimfiɗa tsofaffin kwalaye ko guntun katako a ƙarƙashin igiyar, don kada ta yanki na sama. Wata rana wani yaro sabon shiga ya tambaye shi:

"Baba, na ƙasan fa, me ake shimfiɗa musu?"

"Ba a shimfiɗa musu komai, yaro. Su a kan ƙarfe suke. Ja igiya."

In an isa aka kwance, na sama suna fitowa kamar yau suka baro masana'anta. Na tsakiya sun ɗan lanƙwasa a kusurwa. Na ƙasa sun baje, taliyar cikinsu ta kakkarye. Ana ware waɗannan gefe guda, a sayar da su da rangwame. Suna da masu sayensu, za mu zo kansu.

Ranar 30 ga Yulin 2023, kwana huɗu bayan juyin mulkin da sojoji suka yi a fadar Yamai, shugabannin ƙasashen Afirka ta Yamma suka zauna a Abuja suka yanke shawarar kulle wa Nijar ƙofa. Aka rufe iyakokin ƙasa da na sama, aka tsayar da ciniki, aka tsayar da hada-hadar kuɗi ta banki. Bayan 'yan kwanaki aka katse wutar lantarki da ke zuwa daga kudu, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da Nijar ke sha. Lokacin da aka yi wa Mali irin wannan kullen a Janairun 2022, an ware abinci da magani da mai da wuta, aka ce su su wuce. A wannan karon ba a ware komai ba. Daga ɓangaren arewa kuma aka jawo kwantenoni da manyan motoci aka gindaya a kan gadar Gaya. Ƙofar ta zama mai sakata biyu, ɗaya ta waje, ɗaya ta ciki. Watan Agusta ne ke kamawa, gero ya kai ƙugu amma bai fid da kai ba, rumbuna sun yi ƙasa, sauro ya yi yawa.

Wani Alhaji mai sito a bakin titin Konni ya ji labarin a rediyo kamar kowa. Sitonsa cike yake, don ya saba cikawa kafin damina ta ɓata hanyoyi. Abin da ya fara yi shi ne ya ce a sa kwaɗo. Da hantsi yaronsa ya same shi a gida.

"Alhaji, masu shaguna sun taru a ƙofar sito."

"Ka ce musu su dawo jibi."

"In sun dawo jibin me zan ce musu?"

"Jibi ka zo ka ji kuɗin da za ka faɗa musu."

Ba zan kira mutumin nan azzalumi ba, don yana fid da zakka, yana kuma da marayun da yake ciyarwa. Lissafinsa ma ba na ƙarya ba ne: bai san nawa zai sayi kwalin da zai maye gurbin wanda ya sayar ba, kuma ɗan kasuwar da ya sayar da kaya ƙasa da kuɗin mayarwa ya fara cin uwar kuɗi. Abin da kawai zan ce shi ne kayansa sun ba shi ikon jira, ya kuwa jira. Kowace safiya da sito ya kwana a kulle, abin da ke ciki ya ƙara daraja ba tare da an motsa shi ba.

Kuma ba yau ya fara ganin haka ba. Iyakar nan da ake magana a kanta ba ta kai ganuwar Konni tsufa ba. A yarjejeniyar 1898 tsakanin Ingila da Faransa, an kafa tsinke a Sakkwato aka zagayo da layi mai nisan mil 100, Konni ta faɗa ɓangaren Ingila. A 1904 aka jawo layin kudu saboda Faransawa suna son hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa Damagaram, Konni ta koma hannunsu. Ba a nemi jin bakin mutanen Konni ba a zaman farko, ba a nema ba a na biyu. Alhaji yana saurayi, yana yi wa mahaifinsa tsaron shago, aka kulle iyakar daga Afrilun 1984 zuwa Maris ɗin 1986, daidai lokacin da fari ya cinye gonaki, har talakawan ƙasar Hausa ta Nijar suka laƙaba wa yunwar shekarar sunan wanda ya ba da umarnin kullewar. Yana da furfura aka sake kullewa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. A kowane karo ya ga waɗanda suka fita da ƙiba da waɗanda suka fita da rama, ya kuma lura da irin kayan da kowannensu ke riƙe da shi ranar da aka sa sakata.

Ba a yi mako biyu ba taliya ta sami hanya. Tsakanin Illela da Konni babu kogi babu dutse, gonaki ne suke haɗe da gonaki, akwai ma manomin da bukkarsa ke ƙasa ɗaya, kunyoyinsa na ƙarshe suna ɗaya ƙasar. Yaran kabu-kabu suka bar ɗaukar mutane suka koma ɗaukar kwali. A ɗaure goma ko fiye a bayan babur da roba, wasu a kan tanki, yaron ya maƙale a tsakiya, ya kashe fitila ya shiga burtali bayan isha'i. Tun da aka cire tallafin mai a Nijeriya ranar 29 ga Mayun shekarar, man jarka ya yi tsada, don haka kuɗin sawu ya tashi. A hanyar daji kuma shinge ya yawaita, kowane shinge da mai tsaronsa, kowane mai tsaro da abin da ake miƙa masa. Ba Alhaji ke biyan wannan ba, ko da yake daga aljihunsa yake fita da fari. Ana ɗora shi ne a kan kwalin, kwalin ya ɗora wa leda, leda ta kai shi inda za ta je. Yaron da ya zame a taɓo kaya suka danne masa ƙafa, 'yan'uwansa suka kai shi wurin mai ɗori, wani yaron ya hau babur ɗin a daren. Dajin nan ma ba shi da amana a 'yan shekarun nan, kowa ya san masu bindiga suna yawo a gabashi da arewacin ƙasar Sakkwato. Ba a taɓa jin sun harbi kwali ba.

Canjin kuɗi ma ya taimaki mai sito. A farkon Yunin 2023 dalar Amurka tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Sefa kuwa tana ɗaure da kuɗin Turai, yuro guda sefa 656 saura kaɗan, ba ta motsa ba. Wanda ya riƙo sefa ya tsallaka Illela sai ya ga taliyar Legas ta yi masa araha. Amma sefar ce ta yi wuyar gani, domin bankuna sun shiga ƙarancin takardun kuɗi, ma'aikaci ya wuni a layi a ba shi wani abu daga cikin albashinsa a ce ya dawo. Wanda kuɗinsa ke banki yana layi, wanda kuɗinsa ke ƙulle a ɗaki yana saye. Mutanen Illela da Gwadabawa su ma ba su ji daɗi ba. Dabbobi da wake da suka saba sauka kasuwar Lahadi sun ragu, abincin da ke rumfunansu kuma ya riƙa sulalewa arewa cikin dare yana barin musu tsada.

Taliyar Turkiyya ita ma ba ta ɓata ba. Wadda ta maƙale a Malanbil aka riƙa sauke ta kwali-kwali ana tsallakar da ita a kwalekwale zuwa Gaya. Wadda ke kan teku aka karkatar da ita Lome, ta hau mota ta ratsa Togo ta shiga Burkina Faso, ta bi Kaya da Dori da Tera zuwa Yamai. Hanya ce mai hatsari, ba a bin ta sai an tara motoci da yawa sojoji sun yi musu rakiya, direba ya yi makonni yana kwana ƙarƙashin motarsa kafin a ce a tashi. A ƙarshen Agusta ayarin motoci wajen 300 ya shigo Yamai ta wannan hanya. Akwai direbobi da yaran mota da suka bar gida a watannin nan ba su koma ba. Kayan da suka ɗauko sun iso. In ka buɗe ledar da ta yi wata uku a hanya ka zuba a tafasasshen ruwa, minti goma ta nuna, ba za ka bambanta ta da wadda aka yi jiya ba.

Yanzu mu yi gabas kaɗan, mu wuce hayaƙin siminti na Malbaza mu sauka Galmi. Albasar da ta ɗauki sunan garin nan, mai launin shunayya, an san ta daga Akra har Abijan, kuma tana cikin manyan abubuwan da Nijar ke fitarwa waje. Aikinta aikin rani ne, mai cin jiki. Manomi zai yi reno bayan damina, ya dasa da shigowar sanyi, ya yi ta ban ruwa da inji mai shan fetur wata uku zuwa huɗu, ya sa taki, ya cire ciyawa da hannu a durƙushe. Wajen Maris da Afrilu ake cirewa, kuma a lokacin kowa ya cire, buhu ba shi da kuɗi. Don haka wanda ke da ɗan ƙarfi yakan zuba tasa a rudu, wato rumbun kara da ake ɗagawa bisa ƙasa don iska ta riƙa ratsawa, ya jira damina lokacin da albasa ke ƙaranci a kasuwannin kudu, kuɗinta ya ninka. Wannan jiran ba irin na mai sito ba ne. Albasa rai gare ta, tana numfashi, tana ramewa, tana tsiro. Duk 'yan kwanaki sai an shiga rudun an juya ta an tsince wadda ta fara laushi, don guda ɗaya in ta ruɓe sai ta shafi maƙwabtanta. Manomi yana kallon tulin yana raguwa a idonsa, yana haƙuri, yana lissafin cewa abin da ya saura zai biya abin da ya tafi. Watan da yake jira shi ne Agusta.

Wani manomi a wajen Dogarawa ya fasa rudunsa a ƙarshen Yuli. Aka ɗura a buhuna, aka ɗinke, dillali ya haɗa nasa da na wasu aka cika mota, ta kama hanyar Gaya da niyyar Gana. Motar albasa ba a son ta tsaya. Tafiyar ce ke sa iska ta shiga tsakanin buhuna, in ta tsaya zafi ya taru ƙarƙashin tamfol, in ruwan sama ya sauka kuma laima ta shiga. Motar ta iske layi ta tsaya a bayan wata, wata ta zo ta tsaya a bayanta. Kullum da magariba manomin yana neman inda waya ke kamawa ya kira dillali.

"Malam, ina mota ta kai?"

"Tana nan inda take."

"Ba a ce komai ba?"

"An ce manya suna magana. Mu dai yi addu'a."

A mako na farko buhunan ƙasa suka fara jiƙewa. A na biyu wani baƙin ruwa ya riƙa ɗiga ta ƙarƙashin bodi, ƙuda suka taru, wari ya hana direbobi cin abinci kusa da motocinsu. Aka sauke aka tsince abin da za a iya tsincewa aka sayar a bakin titi yadda ta kama, sauran aka zubar a rami. A daidai kwanakin nan matan Akra da Kumasi suna kukan tsadar albasa, 'yan kasuwarsu suna kukan motocinsu da suka maƙale a iyakar Benin. Mai so yana can, mai kaya yana nan, kogi ne kawai a tsakani da gada lafiyayya a kansa. Manomin nan bashin taki ke kansa, da na fetur, da alkawarin auren 'yarsa bayan kaka. Duk a kan motar nan ya ɗora su. Ni dai duk lokacin da na tuna aikin wata shida na reno da ban ruwa yana tsiyaya a kan kwalta, raina yana ɓaci, don na san yadda bayan mai dashen albasa yake yi kafin ya kai ƙarshen fage.

A cikin layin motocin da suka tsaya a wajen iyaka akwai waɗanda ba na 'yan kasuwa ba. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce tan wajen 6,000 na kayanta sun maƙale a waje a watan Agusta, ciki har da hatsi da man girki da abincin da ake ba yaran da tamowa ta kama. A watan Satumba masu harhaɗa magunguna na Nijar suka yi kukan ƙarewar magungunan ciwon suga da na zuciya da na daji. Allurar mai ciwon suga da ta rigakafin yara sanyi suke so, firiji kuma wuta yake so. Malbaza tana da gonar hasken rana mai megawat 7 tun 2018, amma rana tana faɗuwa da magariba, injin janareto kuma gas yake sha. Ma'aikatan likita ba su raba kaya gida biyu kamar masu lodi, sai dai su ma suna da lissafin kwanaki. Sun san kwana nawa yaron da zazzaɓin damina ya kama yake yi in babu magani, da kwana nawa wanda ƙafafunsa suka kumbura yake yi in babu abincin nan na leda. Lissafin ba ya kai mako-mako.

Na ce kakkaryayyar taliyar kwalayen ƙasa tana da masu sayenta. Ɗaya daga cikinsu wata mata ce mai sayar da taliya da wake da manja da yaji a ƙofar makarantar firamare. Mijinta ya tafi cin rani shekaru bai aiko ba, da wannan tukunyar take riƙe da gida. Da aka koma makaranta a watan Oktoba ta je wurin mai shago ta tarar gutsattsarin ma ya kai kuɗin da lafiyayya take a da. Manja daga kudu yake zuwa, shi ma ya tashi. Mai sito yana iya ƙara kuɗi, mai shago yana iya ƙarawa, ita ba ta iyawa, domin sefa dala ashirin ɗin da uwa ke ƙulle wa ɗanta da safe ba ta ƙaru ba, a wasu gidajen ma ta koma dala goma. Abin da ke hannunta shi ne cokali. Ta ƙara wa taliyar ruwa ta bar ta a wuta har ta kumbura, ta rage wake, ta koma ɗiga manja maimakon zubawa. Wani yaro ya dubi kwanonsa ya dube ta.

"Inna, yau ba ki cika ba."

"Ɗana, ci ka sha ruwa a kai. Wallahi ba ni na rage ba."

Gaskiya ta faɗa. Kuɗin sawun babur, da abin da aka miƙa a shinge, da kwanakin da sito ya yi a kulle, da ladan mai kwalekwale, da makonnin da direba ya yi a Dori, duk sun biyo ledar nan har ƙofar makaranta, kuma daga cokalinta babu sauran inda za su wuce sai cikin yaron. Shi ya koma aji ya zauna har azahar.

Mai karatu zai iya cewa, ai Konni tana noma alkama. Haka ne. Akwai filin noman rani na gwamnati mai sama da hekta 2,400 a gefen garin, yana shan ruwan da madatsun Mozage da Zango ke tarewa daga kwarin Magiya, kuma a 'yan shekarun nan an gyara magudanansa da kuɗin Amurka cikin yarjejeniyar dala miliyan 437 da aka sa wa hannu a 2016. Matan garin sun iya taliya 'yar murji tun kafin ta leda ta shigo: a kwaɓa gari da ruwa da ɗan gishiri, a murza a injin hannu, a rataya a igiya a tsakar gida ta bushe. Wasu sun ciro injinansu daga ƙarƙashin gado a watannin nan sun goge tsatsa. Sai dai alkamar Konni ba ta da yawan da za ta ciyar da yankin, fulawar buhu kuma ta hanyar da aka kulle take zuwa. Alkama kuwa sanyi take jira. Ana shuka ta wajen Nuwamba, a girbe ta wajen Maris. Wadda aka shuka don ta rage raɗaɗin kullen ba ta isa yanka ba sai da kullen ya zo ƙarshe.

Ranar 24 ga Fabrairun 2024 aka sake zama a Abuja aka ce an ɗage takunkumin saboda jinƙai, ga azumin Kirista ya kama, ga watan Ramadan yana ƙaratowa. Wata bakwai ke nan saura 'yan kwanaki. Daga cikin sharuɗɗan da aka gindaya ranar da aka kulle, babu wanda aka cika. Ranar 13 ga Maris aka zare sakatar kudu, ranar 22 ga wata aka zare ta arewa a Konni, motoci suka fara wucewa ta kan titi da rana tsaka. Gadar Gaya kuwa aka bar ta a gindaye daga ciki, masu kwalekwale suka ci gaba da aikinsu, ayarin Lome ya ci gaba da jiran rakiya.

Kuɗin kwali ya ɗan sauko, bai koma inda ya taso ba. Cokalin matar nan ma bai koma ba, yara sun saba da shi. Manomin Dogarawa ya sayar da injin ban ruwansa ya biya mai taki, aka ɗaga auren, ya bar fagensa a hannun ƙanensa ya hau motar Agadas. Yaron da kaya suka danne yana tafiya, amma ba ya iya taka giyar babur, yanzu yana tsaron teburin fetur na wani. Dattijon tasha yana nan yana koya wa sababbin yara jan igiya.

Alhaji ya sayi filin da ke bayan sitonsa ya sa an ɗora gini da simintin Malbaza, ya ce a ɗaga daɓen sosai saboda laima, a toshe duk inda ɓera zai bi. Da aka gama ya kira yaronsa ya ba shi lissafin kwalayen da za a ɗauko daga Sakkwato da waɗanda za a yi oda ta Lome, ya ce yana son duka biyun su cika kafin ruwan farko.

"Alhaji, ai an buɗe hanya. Ko yaushe muke so za mu iya ɗaukowa."

"Na san an buɗe. Ka cika su."